Tsakanin Murhu da Alƙalami: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma kusan duk abu guda suke kewayawa: mutum yana son rubutu, ga aure, ga aikin gida da na gona, ga kuma zuciyar da ba ta raga wa mai ita. Mun zaɓi biyar. Mai gyaran littattafai da malamar Hausa na wannan fili ne suka amsa, ban da ta huɗu da muka miƙa wa ma'aikaciyar lafiya. Sunaye mun sakaya su kamar kullum.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye ta wajen Ringim. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Kwanakin baya ina tsinke zogale na ji ana hira da wata dattijuwar marubuciya a rediyo, har na ture tiren na zauna. Abu uku ta faɗa da suka tsaya mini a rai: rubutu ba ya jiran ranar da aiki zai ƙare, abin da mace ke yi a ɓoye da mijinta ya riga ya zama matsala, kuma mai dukan kansa ba ya gama littafi. Wallahi hikimarta ta burge ni. Amma ita a birni take, ƙila da 'yar aiki da lantarki. Ni tun asuba nake tsaye. Shekara biyu ina ɗauke da labari a kaina, ko shafi goma ban rubuta ba. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Duk ukun da dattijuwar nan ta faɗa haka suke, a birni da ƙauye. Abin da hirar rediyo ba ta da lokacin bayarwa shi ne awo: shafi nawa, da wane lokaci, a cikin me. Shi za mu ba ki.

Ki aika a sayo miki littafin rubutu mai warƙa 60, irin na 'yan makaranta, da biro biyu na gama-gari. Ki guji biron nan mai tawada ruwa-ruwa. Ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu da bazara ya isa ya dame miki shafi. Ki riƙa rubutu a shafin dama kaɗai, ki bar na hagu fayau. Wasu na ganin ɓarnar takarda ce, amma a nan za ki yi gyara, a nan za ki cusa abin da kika manta. Wadda ta cike ko'ina, ranar gyara sai ta sake kwafe littafin gaba ɗaya, kuma a wannan gaɓar da yawa suke sarewa.

Yanzu lissafi. Ki cika shafi ɗaya ki ƙirga kalmominsa. Matsakaicin rubutun hannu yakan ba da 150 zuwa 180. Mu ce 170. Shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, kalma 850 ke nan. Cikin mako 12 kin cika shafukan dama 60, kina riƙe da kalma wajen 10,000. Littafi uku irin wannan sun isa ƙaramin littafin labari, kuma duka bai kai wata tara ba, ke da kika shekara biyu kina dakonsa. Shafi ɗaya minti 20 zuwa 30 yake ci, idan kin san abin da za ki rubuta kafin ki zauna.

A nan gizo ke saƙa. Mafi yawan masu kukan rashin lokaci suna samun rabin awar, sai dai sukan zauna da biro sannan su fara tunani, kafin tunanin ya nuna yaro ya farka. Ki raba aikin biyu. Tunani na lokacin aikin hannu ne: surfe, tankaɗe, wanki, layin tuƙa-tuƙa, ɗinkin hula. Hannu na aiki, kai na tsara wa zai shigo, me zai ce, me za a mayar masa. Zama da biro na zubawa ne kawai. Duk ranar da za ki rufe littafin, ki bar layi ɗaya a ƙasa kan abin da zai biyo baya, misali: gobe uwar miji za ta tarar buhun gero ya ragu. Wannan layin za ki ɗauka zuwa bakin turmi.

Lokacin da ya fi tabbata a gidan ƙauye shi ne tsakanin azahar da la'asar, rana ta kori kowa inuwa, an ci na rana, ba a ɗora na dare ba. Mai bi masa shi ne walaha, bayan yara sun tafi makaranta. Bayan asuba yana da daɗi da rani, amma da damina abincin 'yan gona ya cinye shi. Bayan lisha ki bar shi a sahun ƙarshe: jiki ya mutu, hasken tocila na gajiyar da ido, kuma lokacin maigida ne, inda rigima ta fi saurin tsirowa. In kina da abokiyar zama, tsarin kwana bibbiyu ya riga ya yanka miki: ranakun da ba ke ce da girki ba ki yi shafi biyu, ranakun girkinki ko buɗe littafin kada ki yi. Abu ɗaya muka hana ki kai tsaye, rubutu a bakin murhu. Tuwo zai yi gudaji, shafi zai sha baƙin tukunya, ga mai rarrafe kusa da wuta.

Shekarar ma ba ɗaya take ba. Daga shuka zuwa maimai ki rage zuwa kwana biyu a mako. Da kaka, ana girbi da sussuka da ɓare gyaɗa, ko kin ajiye gaba ɗaya ba ki yi laifi ba. Daga Disamba zuwa Afrilu ita ce kakar marubucin karkara, ban da in azumi ya faɗo ciki.

Kafin shafin farko ki ware takarda ɗaya ki amsa: labarin wace ce, me take so, wa ya tare mata hanya, me za ta rasa kafin ta samu, a ina za a tsaya. Ko ba ki tabbatar da ƙarshen ba, ki zaɓi na wucin gadi, domin labarin da ba shi da masauki shi ne ke kaiwa shafi 200 yana gantali. Sannan ki jera fitowa 25 zuwa 30, kowace a layi ɗaya. In an zo rubutawa kowace za ta ci wajen shafi shida. Kuma don Allah kada ki buɗe da shafi uku na siffanta yarinya fara doguwa mai dara-daran idanu tana juyi a kan gado. An gaji. Ki buɗe daga inda abu ya kwaɓe: an dawo da kayan sa rana, ko an wayi gari babu akuyar amarya a turke.

Maƙiyan takarda a ƙauye huɗu ne: gara, yoyon ɗaki, yara da awaki. Ki sa lamba da kwanan wata a kowane shafi, ki naɗe littafin a leda, ki sa shi cikin kwalla ko robar fenti mai murfi, nesa da bangon ƙasa da katifar da yaro ke kwana. In akwai babbar waya a gidan, duk Juma'a ki ɗauki hoton shafukan makon. Batun maigida kuwa, amsar da ke biye ta shafe ki.

TAMBAYA TA BIYU

Salamu alaikum. Ni manomi ne daga yankin Gumel, ranar Alhamis kuma ina dillancin awaki a kasuwar Maigatari. Maiɗakina tana rubuta labarai a waya tana turawa wani zauren WhatsApp na mata, da sanina. Yanzu a majalisa an fara yi mini shaguɓe, wai mugun mijin da ke cikin labarinta ni ne, don shi ma dillalin awaki ne. Ga shi tana kaiwa sha biyun dare tana latsa waya. Ba na son hana ta, na ga abin yana faranta mata, amma ba na son in zama abin nuni a gari. Mece ce mafita?

AMSA

Malam, ka karanta labarin da kanka, ko a bakin 'yan majalisa ka ji? Su ma fa daga matansu suka ji, magana ta bi baki uku kafin ta iso ka. Ka ce ta ba ka ka karanta, ko ta karanta maka, tun daga farko, ba daga wurin da aka nuna maka ba. Gani ya kori ji.

Ɗayan biyu za ka tarar. Mai yiwuwa sana'ar kawai ta ara, domin sabon marubuci abin da ke gabansa yake ɗauka. Ta san yadda ake buɗe bakin akuya a duba haƙori, ta san la'ada, ta san albarka da sallama, sai ta ɗora wa mutumin labarinta. Wannan kuskuren ɗan koyo ne. Mai yiwuwa kuma ka ci karo da wata magana da ka san taka ce, ka faɗe ta cikin fushi ka manta, ita ba ta manta ba. In haka ne kada ka fara da "don me kika rubuta". Hannunka mai sanda aka yi maka. Ka gyara abin tukuna, sannan a yi maganar inda ya dace a riƙa kai ƙorafi.

Zaman kada ya zama ranar kasuwa da ka dawo a gajiye, ko gaban yara da abokiyar zamanta, ko daren da aka yi maka shaguɓen. Ka huce kwana biyu. Abu na farko da za ku daidaita shi ne iyakar sirri. Abin da ya gudana a shimfiɗa, ciwon wani, bashi, aibin iyaye da dangin juna, waɗannan ba sa shiga labari a yadda suke. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya sa mai yaɗa sirrin shimfiɗar aure cikin mafi sharrin mutane ranar Alƙiyama, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai yadda marubuta ke cin moriyar abin da suka gani ba su tona kowa ba. Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san kowa. A canza aƙalla abu huɗu: sana'a, gari, yawan mata da 'ya'ya, da wata alama ta jiki ko ta magana. Dillalin awaki ya koma mai shayi a wani garin bakin titi, mai 'ya'ya biyar ya koma mai biyu. Abin da ya fi wannan ma, a haɗa halin mutum biyu ko uku a jikin mutum ɗaya. Gwajinsa kuwa, a ba wata amintacciya 'yar garin ta karanta kafin a tura. In ta ɗago kai ta ce "ai wane ne", bai ɓoyu ba, a koma. Wanda ya riga ya fita, tana iya juya shi a babi na gaba, ta ba mutumin asali da tarihin da kowa ya san ba naka ba ne.

Daren da take kaiwa ba son ranta ba ne kaɗai. Haka zaurukan nan suke: ta tura na yau, kafin gari ya waye saƙo ya taru, a ci gaba, muna jira, yau shiru. Mai rubuta na yau a yau ta zama baiwar masu karatu. Maganinsa ta dakata mako biyu ko uku, ta tara babi goma a hannu, sannan ta sanar cewa sau uku a mako za ta riƙa turawa, kuma da rana. Ku yanka lokacin da waya ke kwanciya, mu ce ƙarfe goma, dokar kuma ta hau kanka. Ba ta yiwuwa a kashe tata kana kallon bidiyo a taka.

Ta yi amfani da sunan alƙalami, in da hali a ware layin waya na harkar rubutu don kada lambar gida ta yi ta yawo a hannun baƙi. In labarin ya fara kawo kuɗi, nata ne a shari'a, kamar kuɗin ƙuli-ƙulinta ko na tunkiyarta. In ta ba ka, kyauta ce. Ku faɗi wannan tun kafin kuɗin su zo.

Hani kai tsaye shi ne mafi muni, don ba ya kashe rubutun, ɓoye shi yake yi: waya a gidan maƙwabta, sabon suna da ba ka sani ba, sai zargi ya shigo inda da babu shi. In 'yan majalisa sun ce rubutu ba aikin matar aure ba ne, ka tuna musu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma matan da ake kira jaji suna kai waƙoƙinta ga matan ƙauyuka masu neman ilimi da ake kira 'Yan Taru. Mijin nata shi ma marubuci ne.

In kana son taimakawa, ka sayo ɗan faifan sola, wayar da ke ɗauke da rubutunta ta daina wuni a shagon caji. Amma kada ka naɗa kanka mai gyara, kuma abin da ba ta gama ba kada ka buɗe sai ta miƙo maka.

TAMBAYA TA UKU

Ni malamin firamare ne a yankin Rano. Shekara biyar ina rubutu, ban taɓa kai labari ƙarshe ba. In na rubuta da dare in ji daɗinsa, da safe in na duba sai kunya ta kama ni in yage. Sau ɗaya na saka wani a Facebook, wani ya ce wanda bai iya raba kalma ba ya koma aji ɗaya. Tun ranar ban sake ba. Matata tana cewa ina da baiwa, amma ina ganin don kada raina ya ɓaci ne. Yaya mutum zai gane ba shi da baiwa don ya haƙura?

AMSA

Malam, ba a gane wannan daga labarin da ba a gama ba, kai kuwa ba ka bar ko ɗaya ya kai a auna shi ba. Kullum da safe kana tone shuka don ka ga ko ta yi saiwa.

Aiki biyu ne a rubutu, zubawa da gyara, kuma ba sa zama a tabarma ɗaya. Mai zubawa so yake a sakar masa mara, mai gyara kuwa aikinsa neman aibi. Ga shi kai malami ne, jan biro ya zame maka jiki, sai ka sake shi a kan abin da bai ma huce ba.

Ka ɗauki gajeren labari, kalma 1,500, wato shafi tara ko goma na littafin rubutu, ka gama shi cikin kwana goma. A kwanakin nan ba komawa baya, ban da layi ukun ƙarshe don ka kama zaren. In ka ga wuri ya yi rauni ka sa alama a gefe ka wuce. Yagewa babu, shafin da ka tsana ka ja masa layi ɗaya a karkace ka bar shi. Da ka sa ayar ƙarshe, ka rufe shi mako uku. Dalili kuwa, washegari abin da kake karantawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ka so faɗa da abin da ya fito, ita ce ke ba ka kunya. Bayan mako uku ka manta abin da ka so faɗa, sai ka ga abin da ke kan takarda kawai, kamar na wani.

Sau uku ake bin gyara. Bi na farko na labarin ne kansa: akwai fitowar da in an cire ta ba abin da zai ragu, akwai wanda ya yi abu ba dalili. Na biyu da murya, ka karanta a bayyane. Inda numfashi ya ƙare maka, jimla ta yi tsawo. Inda ka ji ba mai magana haka a Rano, maganar fim ce, a sake ta. Na uku ƙa'idojin rubutu. Wanda ya fara da na uku yakan ɓata kwana biyu yana goge shafin da daga baya zai cire.

Mutumin Facebook bai yi ladabi ba, amma raba kalma abin koyo ne na mako biyu, ba ruwansa da baiwa. Yawancin kurakuran ba su wuce waɗannan ba. Ana haɗe yana, tana, suna, yake, take. Ana raba ya ce, ta zo, za ta, za a, ba ta. Gajeriyar mallaka a manne take, gidansa, rigarta, amma ya kama shi da ta ba ni a rabe suke. A kan tebur, a kan ɗin kalma biyu ce, akan yi ruwa kuwa, akan ɗin ɗaya ce. Sai ƙugiya, wadda ke raba kafa da ƙafa, bari da ɓari. Ka rubuta su a kati ka manna a bangon littafinka.

Matarka mai yiwuwa gaskiya take faɗa, tambayar da kake yi mata ce ba ta haifar da amsa mai amfani. Ka daina tambayar kowa "ya yi daɗi?" Ka ba mutum biyu, ita da wani abokin aiki, ka tambaye su: a ina hankalinka ya fara tafiya wani wuri, ina ne ba ka gane ba, wa ka fi tunawa bayan ka gama. In su biyun suka nuna wuri ɗaya, akwai gyara a nan. In ɗaya ne kaɗai, ka rubuta ka ajiye. Sukar da ta nuna shafi da layi ita ake ɗauka. Ko littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa, waɗanda suka fito daga gasar da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933 aka fara buga su a 1934, sai da suka bi ta hannun mai gyara kafin su isa makarantu. Kai kuma ɗanyen rubutun dare ɗaya kake gwadawa da abin da aka tace aka sake tacewa.

Ranar da ka tsallake ba ka rubuta ba, washegari ka zauna ka yi shafinka ɗaya kamar ba abin da ya faru. Ramuwa ta salla ce da azumi; mai son rama shafi biyar a zama ɗaya shi ne ke daina zaman gaba ɗaya. Ka san hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Kuma maganar da ba za ka faɗa wa ɗan aji uku da ya kawo maka insha'insa na farko ba, kada ka faɗa wa kanka.

TAMBAYA TA HUƊU

Ina yankin Birnin Kudu. Kafin in haihu ina rubuta waƙoƙi har ana rerawa a Islamiyyarmu. Yanzu wata huɗu da haihuwa, ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa. Kuka nake yi ba dalili, barci ba ya zuwa ko jaririyar ta yi barci, abinci ba ya mini daɗi, ina jin ni ba uwar kirki ba ce. Uwar mijina ta ce son jiki ne, wata ta ce iska ce. Baiwar ce ta tafi?

AMSA

Ƙanwata, ajiye batun waƙa tukuna, ba ita ce ke ciwo ba. Kuka da sauyin rai a kwanakin farko bayan haihuwa mata da yawa na yi, kuma yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, ga rashin barci ko an samu dama, ga fita daga son abin da ake so a da, ga ɗora wa kai laifi, alamun ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai himma da mai ibada, kuma yana jin magani.

Ki je asibiti cikin makon nan, kada ki jira ranar rigakafi ta gaba. Ki faɗi abin yadda kika rubuto mana: wata nawa, barci, abinci, kuka. Mata da yawa in sun je sai su ce ciwon kai da kasala kawai, a ba su maganin zazzaɓi su dawo da ciwonsu. Ki nemi a auna jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa yana ƙara kasala, a kuma duba hawansa. In ƙaramin asibiti ya ga ya fi ƙarfinsa zai tura ki gaba, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu. Akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha, likita ne zai zaɓa. Sukan yi mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, kuma ba a dainawa don an ji daɗi sai da izininsa. Ƙwayar barci ta kemis kada ki taɓa. Ki tafi da maigida, don abin da ya ji daga bakin likita shi zai fi iya kai wa mahaifiyarsa. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da magani.

In kika ji tunanin cutar da kanki ko jaririyar, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko kika yi kwanaki ba runtsawa, a ranar za a kai ki asibiti, kuma kada a bar ki ke kaɗai kafin a isa. Haka in ƙafa ta kumbura kina haki.

A gida, a samu wadda za ta riƙe jaririyar ki yi barcin awa huɗu a jere. In wani ɗango ya faɗo miki kina shayarwa, ki rera shi cikin waya a naɗe, ki bar shi a nan.

TAMBAYA TA BIYAR

Daga yankin Wudil nake. Na gama labari a littattafan rubutu huɗu. Yaya zan fitar da shi ba a sace mini ba?

AMSA

Barka da ƙoƙari, Malama. Ki fara mai da shi waya ko kwamfuta. Manhajar Gboard tana da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Duk babin da kika gama ki tura wa kanki ta imel, ya zama ajiya kuma shaidar kwanan wata. Littattafan hannun nan huɗu kada ki ba kowa aro, su ne babbar hujjarki. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, rubutu naki ne tun daga ranar da ya sauka a takarda, rajista da hukumar haƙƙin mallaka ƙarin shaida ce. Sai dai mu faɗa miki gaskiya: labarin da aka tura wa mutum ɗaya cikakke ta WhatsApp ya riga ya zama na gari. Shi ya sa masu sayarwa ke sakin babin farko kyauta, sauran kashi-kashi ga waɗanda suka biya.

In kina son gwada hannu, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, gajeren labari take karɓa, don haka sabo za ki rubuta. Ki bi ƙa'idojin shekarar kalma da kalma, musamman adadin kalmomi. In bugawa za ki yi, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma a Kano littattafai na ƙarƙashin kulawar Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, sai ki nemi sharuɗɗanta kafin ki kashe kuɗi. Ki ji farashi a maɗaba'a uku, ki fara da kwafi kaɗan. Kada ki biya kuɗin gaba ɗaya sai kin riƙe samfurin kwafi ɗaya a hannu kin bi shi shafi-shafi, domin wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su san ƙugiya ba, duk inda ƙ ko ɗ take sai ki tarar da ɗan akwati ko alamar tambaya.